Shatin Yatsun Yayata Ne, Ni Aka Kora

Anti, don Allah ki taimake ni, raina ya ɓaci har abinci ba ya shiga. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Da na gama firamare, yayata ta sama mini gurbin koyon aiki a masana'antar da take. Muna jera siraran farantan ƙarfe masu lanƙwasa kamar kwanon rufi, ana ɗaure su su zama kamar saƙar zuma. Su ake cusawa cikin dogayen tankunan tace abubuwa: ruwa na gangarowa, tururi na hawa, su haɗu a jikin ƙarfen. Doka ɗaya ce babba, ba a son maiƙo, don yana hana ruwan bin jikin farantin. Ba a shafa mai a hannu, ko da za a sa safar hannu. Ni ban taɓa shafawa ba. Hannuna duk ya tsage, ko sabulu na taɓa sai na ji raɗaɗi.

Yaya kuwa kullum tana shafa nata a banɗaki, wai safar hannu za ta rufa asiri. Ran nan safarta ta yage. Da shugabanmu ya haska aikin da shuɗiyar fitilar nan mai nuna maiƙo, sai ga shatin yatsu birjik. Dole a kwance komai a sake wankewa. Ya tambayi ko wane ne, sai Yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ce a yi wa ƙaramar haƙuri, ba ta gama sanin aiki ba. Kowa ya juyo yana kallona. Aka ce in zauna a gida sai an neme ni.

Yanzu Baba yana kirana sarkin sakaci, Yaya kuma tana ba ni ɗanta in goya kamar ba abin da ya faru. Ina son aikin nan, Anti, har na iya gane farantin da ya karkace da ido. In na faɗi gaskiya za a iya korar ta, ga goyo. In na yi shiru, ni na tafi ke nan. Me zan yi?

Mai Hannun Kaushi

'Yata Mai Hannun Kaushi,

Fushinki yana da hujja, ni ma da na karanta sai da raina ya sosu. Yayarki ta tsorata, tana da ɗa, tana kuma gudun kada hannunta ya tsage kamar naki. Wannan ya sa na fahimce ta, amma bai wanke ta ba. Ta zaɓe ki ne don ta san ba za ki iya musu ba.

Kada ki fara da shugabanku. Ki same ta ku biyu, ki gaya mata cewa ita za ta je ta gyara maganar da bakinta, kafin ƙarshen mako. Wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda aka tona. Ta kuma roƙi a ba ku safa mai kauri, don matsalar ta kowa ce a wurin.

In ta ƙi, ki je wa Babanku. Tunda magana na yi miki nauyi, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki shimfiɗa masa tafukanki, ki roƙe shi ya kira yayarki ta shimfiɗa nata. Zai ga naki a tsage, nata kuwa sumul. Shi zai raka ki wurin aikin. Ki kuma taɓo masa zancen komawa makaranta, ko ta yamma ce, shekarunki ba su wuce ba.

Bayan ya gani da idonsa, ki samu mai ki shafa wa hannun nan sosai. A gida ba wanda ya hana ki. Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya mayar da ke kan aikinki.

Antinki