Kyandir da Ɗanyen Kifi

Zuwa ga ƙanwata Zagorka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mai gidanki Radovan da yara. Allah Ya ƙara masa sauƙin ƙirjin nan. Mu nan Belgrade lafiya lau, sai gwiwoyina da suka fara yi mini gardama. Jiki magayi.

Slavar gidanmu, bikin shekara na waliyyin zuriyarmu, ta matso, ranar Waliyyi Nikola, kuma ita ce ta farko tun rasuwar matata Stojanka. Ɗana Strahinja ya ce ba zai bari in wuni a tsaye ina hidimar baƙi yadda al'ada ta ɗora wa mai gida ba, wai in na faɗi wa zai kwashe ni. Shi da matarsa Tijana sun yanke a yi bikin a gidan abinci, irin na 'yan gayu masu cakuɗa girkin Japan da na Tailan da namu. Hujjarsa wai ranar azumin barin nama ce, kifi ake ci, su kuwa can kifi ne sana'arsu. Na ce masa nasu ɗanye suke kawowa, kifin kakanninsa kuwa wuta yake gani kafin ya ga baki.

Haka suka yi ta yawo da ni muna ɗanɗanawa, har na gaji. Na bakin kogin Sava ya fi kyau, ga ruwa ga fitilu, amma abincin loma ɗaya ne a tsakiyar faranti kamar an ba kyanwa. Da na tambayi inda zan kunna kyandir ɗin slava, sai yaron ya nuna mini silin, wai hayaƙi zai tayar da ƙararrawa. Na unguwar Zemun miyarsu ta kwakwa ta yi daɗi, ban ɓoye ba, har na ƙara. Sai dai ba sa yarda a shigo da abincin waje, ko da burodin slava ne da dafaffiyar alkama. Tijana ta ce a yanka burodin a mota mana, Baba, ai albarkar ba ta san bambanci ba.

Na ukun, a saman wani bene, sun yarda da komai. Sun ja mini kujera mai laushi, na zauna, kuma Zagorka, na ji daɗin zaman nan har kunya ta kama ni. Abu ɗaya suka nema, a faɗi yawan baƙi da sunayensu. Ke kin san slava ba a gayyata, wanda ya saba zuwa zuwa yake yi.

Da muka dawo na haɗu da tsoho Gvozden, abokin mahaifinmu, a matattakala yana haki. Ya ce in ajiye masa kujerarsa ta kusa da hita, kuma kada wake ya yi gishiri kamar bara. Bai ma san ana shirin kai bikin gidan abinci ba.

Don haka na ce wa Strahinja su je benensu da abokansu, zamani riga ne, ban hana ba. Ni zan kunna kyandir a gida, in bar ƙofa a buɗe, in tsaya iya tsayuwar da ƙafa ta yarda. Roƙona ɗaya: ki rubuto mini yadda Mama take kwaɓa burodin. Shekara arba'in ina yanka shi, ban taɓa tsayawa na ga yadda Stojanka take yinsa ba.

Ki gaishe da Radovan, da Anđelija da mijinta, da ƙaramin Vukašin.

Yayanki,
Budimir