Biskit Mai Tambari Uku

Curicó, 3 ga Mayu

Eliana,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ba zan ja zance ba: jiya likita ya yanke wa Baba yatsun ƙafa biyu, ciwon sukarin nan ne. Ya ce in cimarsa ba ta canza ba, ƙafar ce gaba. Na buɗe kabad ɗinsa, daga biskit sai lemon kwalba, kowanne da baƙin tambarin gargaɗi, wani biyu, wani uku. Ke da kika ce kin yi masa bayani, wannan wane irin bayani ne?

Yayanki, Hernán

Calama, 11 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ka, ya mai jiki? Don Allah kar ka ɗora mini. Tun rasuwar Mama nake ce masa a waya, "Baba, kafin ka sayi komai, duba baƙin tambarin." Ai ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro, sukari ya yi yawa. Kai da kake kusa, ka taɓa raka shi kanti?

Ka huta lafiya, Eliana

Curicó, 20 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ban taɓa ba, kin yi gaskiya. Yau na miƙa masa kwali na ce ya karanta. Ya ce babu tabarau. Na kawo tabarau, ya riƙe kwalin ya kasa karanta ko kalma ɗaya. Eliana, Baba bai iya karatu ba. Ashe Mama ce idonsa, mu kuma muka girma muna jin "ina tabarauna?"

Kin san shekara talatin ya yi a gonar inabi yana manna lambar yabo a kwalaben giyar inabi, kwalbar da ta fi lamba ita ta fi kyau. Yana ta alfahari: "Ni maganar 'yata nake bi. Abin da ba shi da tambari, ko kyauta ba na so." Na kasa gaya masa. Kunya ta ishe ni.

Naki, Hernán

Calama, 27 ga Mayu

Yaya,

Sannu. Na yi kuka har na gaji. Shekara biyu ina cewa "duba", ban taɓa cewa "guje" ba. Ina tafe ranar Asabar, da bakina zai ji.

Eliana

Curicó, 30 ga Mayu

Eliana,

Allah ya kawo ki lafiya. Da ya ji kina tafe, ya aike ni kanti in sayo miki biskit mai tambari uku. Na sayo. Yana kan tebur.

Hernán