Dutsen da Kawu Illo ya jefa

Daren Laraba, masaukin baƙi

Yau mun hau gandun dajin nan na kan duwatsu, ni da Kawu Illo. Mai gadin daji ya gargaɗe mu kada mu taɓa dabba. Amma Kawu ya tsufa yana korar birai masu ɓarna daga gonar dawarshi a Tsarnawa. Ɗan biri na miƙa hannu ga gyaɗarmu, sai ya sakar mishi dutse a kai. Kukan bai ƙare ba uban birin ya diro daga icce, ya kafa wa Kawu haƙora a dantse, ya yage nama har ƙashi. Da rawanina na tsai da jinin.

Ana ɗinke shi a asibiti ya dube ni, ya ce, "Ɗana, mantawa na yi. Nan gonarsu ce."