Turken da ke bayan Inna

Laraba, bayan sallar Isha'i. Azare.

Kyamarar ta iso gida, amma na kasa murna.

Ni ce fa na cika wa kowa kunne cewa sayowa daga waje ya fi araha, 'yan kasuwar Kano tsuga kuɗi kawai suke yi. Ko sau ɗaya ban tambayi zancen kuɗin kwastam ba. Sai da na je Kano karɓa aka ce ba za a sake ta ba sai na biya, ga bikin da na yi alkawarin ɗauka ranar Asabar. Na kira Inna ina kuka kamar yarinya. Washegari Kawu Bukar ya turo kuɗin, wai Inna adashinta ta ɗauka.

Da la'asar na shigo ina ɗaga kwali. Inna ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Maza ki ɗauke ni, ni ce ta farko." Ta yafa sabon mayafinta, ta zauna a tsakar gida. Sai da na kara idona a kyamarar na ga abin da ke bayanta: turke, igiya a ƙasa, da sauran dusa a kwano. Ragon da take kiwo tun bara saboda Layya babu shi.

Ban iya tambaya ba. Cewa na yi, "Inna, matso nan, hasken ya fi kyau."

Ta waiwayi turken, ta dube ni, ta jawo kujerarta.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Har yanzu na kasa sake kallonsa.