Ƙaho Shida a Bayan Iliyasu

Kudan,
9 ga Disamba, 1963.

Zuwa ga Tukur, angona da ya gudu Fatakwal,

Kafin gaisuwa, canka mini wannan. Wani ja ne, an tsai da shi a cikin kara, ba wanda ya tambaye shi komai, amma kafin awa ɗaya ya tona abin da maigidansa yake ɓoyewa. In ya yi nawa wurin sauka a yi hamdala, in ya yi sauri a aika a kira dangi. Mene ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da aikin reluwe. Allah ya tsare ka, ya raba ka da ciwon da ba a san kansa ba, amin. Mu nan an fara saran rake, mazarƙwaila ta yi kyau bana. Da hannuna na rubuta wannan, da ɗan yaƙi da jahilcin nan da kake yi wa dariya. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don akwai laifina a ciki.

Ƙanenka Iliyasu yana kwance a asibiti a Zariya, yau kwana huɗu. Tun damina yake zawo da jini da majina, sau goma a wuni, in yana noma sai ya jefar da fartanya ya faɗa cikin dawa. Ka san shi, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Wandonsa na zamewa daga ƙugu, yana cewa da sauƙi. Muka ce atuni ne, ya sha jiƙo, ya sha maganin atuni daga ɗakin shan magani har sau uku, abin bai tsaya ba. Shi ne aka ba mu takarda zuwa Zariya. Babanku ya ce aikin gona ya riƙe shi, ni na raka shi a motar Makarfi.

Can aka duba bayan gidansa ba a sami tsutsa ko ƙwayar atuni ba, sai aka ɗebi jininsa, bai kai cokali biyu ba. Na ce sai na ga inda za a kai jinin jikana, malamin gwaji ya yi dariya ya bar ni na tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗiga ɗigo a takarda ya gwada da launuka, ya ce rabin jinin da ya kamata ne a jikinsa. Sauran ya zuƙe cikin wata siririyar kwalba mai kamar sillen kara, ya tsai da ita, ya dubi agogo. Sai na ga jan yana kwantawa ƙasa kamar kamu a ƙwarya, ruwa-ruwa na zama a sama. Ya ce na mai lafiya da ƙyar yake sauka faɗin yatsa ɗaya a awa. Na Iliyasu ya sauka yatsa huɗu. Likita ya haɗa wannan da leƙa cikinsa da ya yi da wani ƙarfe mai fitila, ya ce hanjinsa ne ya kumbura ya yi gyambo, ciwo ne mai kwanciya ya tashi, ba a rabuwa da shi sai dai a lallaɓa. Ya ba shi ƙwayoyi rawaya da wasu ƙanana farare, ya ce duk mako biyu a dawo a ɗebi jini, da shi zai san ko ya rage maganin ko ya ƙara, kuma kada a yanke fararen rana ɗaya.

Mun koma sau uku. Saukar jinin a kara ta dawo yatsa biyu, zawo ya ragu, har Iliyasu ya cinye malmala biyu yana tsokanata wai na tsufa ban iya miya ba. Sai babanku ya ce ya isa haka, yaron da aka ce ba shi da jini ne kuma ake ta tsotsa, wa ya san inda suke kai shi. Ƙwayoyi suka ƙare, ba a koma ba. Kafin mako uku ciwon ya dawo fiye da da. Iliyasu na cewa da sauƙi.

Babanku ya kira Lado wanzami, ya ce mataccen jini ne ya taru. Aka kafa masa ƙaho shida a baya. Tukur, ni na riƙe ƙwaryar. Duk shekara ana yi mini ƙaho ina jin daɗinsa, sai na ce ko zai taimaka. Mun hana asibiti cokali biyu, mun ba ƙwarya abin da ya rufe gindinta. Da ya miƙe zai sa riga sai ya kife a tsakar gida, leɓensa fari fat. A kan ƙyauren zaure aka ɗauke shi zuwa bakin hanya.

Shekaranjiya aka sake tsai da karan nan, yatsa biyar. Likita bai yi mana faɗa ba, ya dai daɗe yana kallon shaidar tsagar da ke bayansa. Ya ce ya mai da shi kan magani, amma sai an ƙara masa jini kwalba biyu, kuma in bai lafa ba sai an yanke ɓangaren hanjin, aikin da ba zai taɓa ba sai da jini a ajiye. Babanku ya naɗe hannun riga ya miƙa, aka gwada, nasu bai zo ɗaya ba. Tun ranar yana zaune gindin bishiya a ƙofar asibiti, ba ya cin abinci. Ni ma na miƙa nawa, aka ce na tsufa, abin da ke jikina bai ishe ni ba.

Saura kai. Ban ce naka zai dace ba, likita ma bai ce ba, amma ku biyu kuka sha nono ɗaya. Na tuna ranar da masu allurar lamba suka zo ka shige rumbu, sai da na jawo ka ta ƙafa kana ihu. Wannan allurar ta fi waccan kauri, ba zan ɓoye maka ba. Ka nemi izini a wurin aiki ka hau jirgi ranar da takardar nan ta same ka.

Ka gaida Mero, ka ce ta yi haƙuri na ari mijina. Ka shafa mini kan Indo. Bilki matar Iliyasu tana gaishe ku, gwaggonka Adama ta Paki ma haka.

Ni ce kakarka,
Azumi.

Na san ba ka canka ba, don haka ka ba ni gari. Ba na son Fatakwal, Zariya za ka ba ni, ka sauka a tasharta ka zarce asibiti. Jan nan da ke cikin kara jinin ƙanenka ne.