Kibod Mai Ƙara

Litinin, 3 ga Maris

Harafin A ya sake maƙalewa. Duk harufan duniya, sai shi! Ina buga wa wani bawan Allah takardar neman aiki, na ɗago kai na ga rabin layi babu A ko ɗaya. Na ɓamɓare maɓallin da gindin cokali, na hura, na goge, na mayar. Ya yi aiki zuwa azahar ya sake tsayawa.

Shekara goma sha tara ke nan da kibod ɗin nan a shagonmu. Nauyinsa kamar bulo, harufan duk sun goge. Mai Gyara ya ce an daina yin kayansa, in haƙura in sayi sabo. Shi ya sani.

Yau wata huɗu da tafiyar Yaya.

Laraba, 5 ga Maris

Wata ɗaliba ta ce min wai an gaya mata nan ne ake shafi hamsin a yini, ya ta ga nata ashirin bai fita ba? Na ce mata a da mu biyu ne. Ba ta gane ba, ni kuma ban da ƙarfin bayani.

Ta yaya ma zan yi bayanin? Yaya tana zaune a haguna da takarda a hannu, ita ke karantawa, ni ina bugawa. Ni ba na kallon takarda, ita ba ta kallon allo. Ƙarar maɓallai take bi. In ta ji na danna dogon nan na tazara ta san kalma ta ƙare. In ta ji tas-tas-tas a na gogewa sai ta tsaya, ta maimaita, ba tare da na buɗe baki ba. Har mutane kan tsaya a bakin ƙofa suna kallonmu. Tela na kusa da mu ya taɓa cewa kekensa ya fi mu kunya.

Yanzu ido a takarda, ido a allo, wuya kamar zai tsinke. Kuma rubutun mutane! Yaya ce ke iya karanta rubutun likita da na lauya, ni sai in yi ta juya takarda ina tsaki.

Alhamis, 6 ga Maris

Yatsu uku na hagu sun mutu tun safe. Na jiƙa su a ruwan ɗumi.

Asabar, 8 ga Maris

Na kira gidan Malama, 'yar Yaya. Ita ce ta zo ta ɗauke uwarta bayan ɓarin jikin ya shanye, ta kai ta can wurinta, tafiyar yini guda a mota. Ban hana ba. Da me zan hana? Ita ke da ɗaki a ƙasa, ita ke kusa da asibitin gashin ƙashi.

Maganar Yaya tana fita, amma a hankali, kalma ɗaya sai ta huta. Matar da take karatu har in ce mata ta bari in numfasa. Na ce, "Yaya, yaushe za ki dawo?" Ta ce, "In Allah ya so, Auta." Kullum amsar ke nan, kullum kuma sai na tambaya.

Ina kewarta. Babu wanda zai karanta littafin nan, bari in faɗa: ina kewarta.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti. Likita ya lanƙwasa min wuyan hannu ya riƙe, kafin minti ɗaya yatsun sun ɗauki zugi. Ya ce jijiya ce ta matse. Ya tambayi aikina, na faɗa. Ya tambayi irin kibod ɗin, na nuna masa hoto a waya. Sai da ya cire tabarau ya sake dubawa.

Wai maɓallan sun yi tauri, kowace dannawa kamar ina murƙushe tsakuwa ne, sau dubbai a rana. Kuma ya yi tudu, hannuna yana ɗage sama duk yini. In nemi mai laushi, mara tudu, mai wurin ɗora hannu, in da hali irin wanda aka raba biyu. In ba haka ba, nan da shekara sai an yi aiki, kuma ko an yi ba lallai yatsun su dawo daidai ba.

Na ce, "Likita, masu laushin nan ai ba su da ƙara." Ya ce, "To Hajiya, kiɗa kike yi da shi?" Ban yi dariya ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na rufe shago da wuri na tafi layin masu kayan kwamfuta. Shago huɗu na shiga. Na farko ya miƙo min wani mai fitilu ja da kore suna ta walƙiya, wai shi ake yayi. Na ce masa ba gidan biki zan buɗe ba. Na biyu, wani siriri kamar faranti, na danna tsakiyarsa ya lotsa. Wannan ko wata uku ba zai yi a hannuna ba.

A na huɗu na sami dattijo wanda ya san abin da yake sayarwa. Ya kalli yatsuna kawai ya ce, "Ke mai bugu ce." Ya ce abu uku zan duba. In ɗaga in ji nauyi, don mai ƙarfe a ciki ba ya zamewa ba ya lotsawa. In shafa harafin da farce, in fenti ne zai goge, in a jikin robar aka zuba shi har abada yana nan. Sannan in tambaya ko ana cire maɓalli ɗaya a canza in ya mutu, ba sai an yar da duka ba. Da na san wannan tun da!

Ya fito min da guda biyu, duka masu kyau. Ɗaya baƙi, miƙaƙƙe, mai ƙara, kusan irin namu, da taurinsa da komai. Ɗaya kuma a rabe a tsakiya, kowane ɓari ya karkace, da matashi a gaba na ɗora hannu. Muni kam ba a magana. Na buga layi biyu a kai, wallahi kamar ina taɓa kullu. Hannuna ya ji daɗi, ni ce ban ji ba. Shiru kamar gidan makoki.

Na ce zan dawo.

Litinin, 17 ga Maris

In na sayi mai shirun, Yaya ta dawo, da me za ta bi ni? Wannan ita ce duk maganar. Likita ba zai gane ba, dattijon ma haka.

Ai ciwon hannu ba yau na fara ba. Baƙin zan saya.

Laraba, 19 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Na koma wurin dattijon da dabara. Na ce tunda don kunnen Yaya ake yi, bari ita ta zaɓa. Na kira, Malama ta kara mata wayar. Na ce, "Yaya, ki saurara, ki gaya min ko ya yi." Na ajiye wayar kusa da baƙin na fara buga gaisuwar da muke buɗe wasiƙa da ita. Mutanen shagon duk suka juyo. Oho.

Na yi kamar layi huɗu na ɗauki waya. Na ce, "Ya yi kama da namu, ko?"

Ta ce, "Hagunki." Ta huta. "Yana ja baya." Ta sake hutawa. "Tun yaushe?"

Ban taɓa gaya mata ba. Malama ma ban gaya wa ba. Ta waya, da hayaniyar kasuwa, a layi huɗu ta ji.

Na ce ba komai ba ne. Ta ce, "Ƙarya." Wannan kam ta fito tas, babu hutu. Sai na gaya mata abin da likita ya ce, da mai laushin. Ta ce in buga shi ta ji. Na buga. Ta ce ba ta ji komai ba. Na ce, "Kin gani? Shi ya sa." Ta ce, "Shi za ki saya."

Na ce, "Haba Yaya, to in kin dawo fa?"

Sai ta ce, "Auta, layi ɗaya... minti nawa zan yi?"

Na kashe wayar. Ni, na kashe wa Yaya waya. Dattijon ya yi kamar yana gyara kwalaye. Ban sayi ko ɗaya ba na fito, na yi ta tafiya a ƙasa har na wuce tashar motarmu ban sani ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Ban kira ba. Ita ma ba ta sa an kira ba. Kanmu ɗaya a taurin kai, Inna ta sha faɗa.

Lahadi, 23 ga Maris

Wanki, shara. Na kasa matse zani da hagu.

Wai minti nawa. Ko awa za ta yi a layi ɗaya ai zan jira. Wa ya ce mata sauri nake nema? To amma masu kawo aiki su ba za su jira ba, na sani, ita ma ta san na sani. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan da Yaya, tun muna yara ba ta taɓa barin mutum ya yi wa kansa ƙarya cikin kwanciyar hankali ba.

Talata, 25 ga Maris

Tsohon Hedimasta ya kawo littafinsa, tarihin makarantar da ya yi shekara talatin a ciki, shafi ɗari biyu da wani abu da rubutun hannu. Ya leƙa ya ce, "Ina mai karatun?" Na ce tana hutawa.

Shafi na tara hannun ya ƙi. Na ɗauki kofin shayi ya suɓuce, ban ma ji fitarsa ba, sai ƙararsa a ƙasa. Na zauna ina kallon yatsun kamar na wani. Tela ya leƙo ya ce lafiya, na ce lafiya lau, ya kalli ƙasa ya kalle ni ya koma ya ɗauko tsintsiya.

Tsoro na ji. In hannun nan ya tafi, shagon ya tafi, kuma ba ni da wata sana'ar.

Laraba, 26 ga Maris

Na sayo mummunan. Dattijon bai tayar da zancen rannan ba, Allah ya saka masa. Ya dai ce sati biyu zan yi ina zaginsa.

Asabar, 29 ga Maris

Gaskiyarsa. Yatsuna suna neman harufa a inda babu su. Ashe duk shekarun nan da hannun dama nake buga B, yanzu ya koma ɓarin hagu, sai in daki fili. Shafi takwas na yi yau, ni! Kamar 'yar koyo.

Ga shirun. Ina jin fankar sama, ina jin keken Tela, ina jin numfashina. Sau biyu na tsaya a ƙarshen jimla ina jiran a karanto min ta gaba.

Na kira na ba Yaya haƙuri. Ta ce, "Kin saya?" Na ce na saya, na wucin gadi ne, tsohon yana nan na naɗe shi a tawul. Ta yi wannan dariyar tata ta hanci. Na ce yaushe za ki dawo, ta ce in Allah ya so.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Shafi goma sha bakwai. Na sayi ƙarfen jingina takarda, wuyan ya ɗan samu sauƙi. Na fara gane rubutun Hedimasta, ashe duk inda ya yi kamar ƙugiya R yake nufi.

Malama ta kira ni ita kaɗai. Wai masu gashi sun ce a samo wa Yaya abin da za ta riƙa dannawa da yatsun dama, mai ɗan tauri, don su farfaɗo. Sun ba ta ƙwallon roba ta jefar, ta ce ita ba jaririya ba ce. Malama ta yi ta kewaye-kewaye, Gwaggo kaza, Gwaggo kaza. Na san abin da take so. Na ce zan duba.

Ban duba komai ba. Na buɗe tawul ɗin na rufe.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na kai tsohon kibod ɗin tasha na ba direba. Na goge shi da auduga tsakanin maɓallai, na sa a kwali, na cusa tsumma ta ko'ina. Na ce wa Malama aro ne, ta ji da kyau, aro. Ta ce to Gwaggo.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Shafi talatin da ɗaya. Hannun bai ce komai ba duk yini, har na manta da shi. Ba na son in ji daɗin wannan, amma ga shi nan.

Wajen la'asar waya ta yi ƙara. Na ɗauka, babu sallama babu komai. Sai na ji tas. Shiru mai tsawo. Tas. Na cire hannu daga aiki na zauna. Da yatsa ɗaya take yi, ina jin yadda take neman ƙarfin kowace dannawa. Sau goma sha ɗaya. Sai ta ja numfashi ta ce, "Ashe haka... yake da tauri? Shekara sha tara!" Na ce, "Da kike ta ce min in yi sauri fa?" Muka yi dariya har Malama ta ce a bar ta ta huta.

Mun yi hira kaɗan. Na ba ta labarin ƙugiyar Hedimasta, ta ce ita tun shafin farko za ta gane. Na ce na sani. Ta ce gobe za ta yi sha biyar, na ce zan saurara.

Sai da na rufe shago, ina tsaye ina jiran mota, na lura ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba. Na ciro wayar. Motar ta zo, na mayar da ita jaka na shiga.