Atamfarki Tana Wurina

Zuwa ga Bahijja, sanyin idona, farin watan Dandin Mahe, ruwan randa a tsakiyar bazara, wadda sunanta kaɗai ke sa in wuni a kan keken ɗinki ban san gajiya ba. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, ke da su Inna.

Bahijja, kaina ya ɗaure! Likita a Sakkwato ya ce ciwon daji ne a hanjina, amma an gano shi da wuri, kuma akwai magani. Da ƙarfina na fito. To tun da labari ya iso kasuwar Bodinga na rasa wa zan gaskata, likita ko mutane. Musa, abokina tun muna yara, ya dafa ni ya ce haka aka faɗa wa kawunsa, bai kai kwana arba'in ba. Wai lallashi ke nan! Malam Sodangi mai albasa, da ko musu bai taɓa haɗa mu ba, ya zo takanas ya ce mu yafi juna. Isa, maƙwabcin rumfata, ya daina shan ruwa a kofina. Masu kawo ɗinki kuwa sai zuwa suke suna kwashe yadinsu, kowa da murmushi, wai kada su ɗora mini wahala. Ni da ƙafata ke taka keke a gabansu? Ko akwai abin da suke gani a fuskata wanda madubi ke ɓoye mini?

Duk wannan na shanye. Sai jiya ga Gwaggo Indo, ƙanwar babanki, wai ta zo karɓar atamfarki, wadda za ki sa ranar ɗaurin aurenmu. Kin tuna ranar da kika kawo ta? Ruwan sama ya tsare ki a rumfata, kika ce in na kuskura na ɓata miki ita, ni da tuwonki sai dai ƙamshi. Wayyo, dariyar nan taki!

Na ce wa Gwaggo ai na riga na yanka. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Tana fita na ɗauki almakashi, na yanka ta daidai awonki, don kada a kai wa wani tela. Ban san ko daidai na yi ba. Wallahi ban sani ba.

Ke kika aiko ta, rabin raina? Ko ba ki ma da labari? Tsoron wanga ciwo bai hana ni cin abinci ba, wannan tambayar ce ta hana ni. Idan ke ce, ki zo da ƙafarki ki karɓa, ba zan tambaye ki dalili ba, ba kuma zan daina sonki ba. Idan ba ke ba ce, don Allah ki aiko mini da kalma ɗaya. Na haɗa jikin rigar, na sa hannuwa, amma wuyan na bar shi ban fitar ba. Ban san irin wanda kike so ba, kuma ba Gwaggo zan tambaya ba.

Naki a yau, naki a duk kwanakin da Allah Ya rubuta mini, masu yawa ne ko kaɗan,

Zainulabidin